Waƙoƙin Ramuwa da Gonar Wakenmu

Ni fa ban shiga karatun adabin Turanci don ina son sa ba. Ƙarin girma nake nema a wurin aiki, aka ce sai da digiri, na ce to. Lokacin ba a daɗe da yanke Zamfara daga Sakkwato ba, Gusau ta zama babban birni, kowa yana rububin takarda. Ina koyarwa a wata sakandare a cikin gari, Asabar da Lahadi kuma in je in zauna kan benci kamar ɗan aji ɗaya, wani malami da ke zuwa daga Sakkwato yana yi mana bayanin waƙoƙin mutanen Ingila na da can, tun kafin Turancinsu ya zama wanda muka sani. Rubutun ma ba ya karantuwa sai da fassara a gefe. Ranar farko na kalli takardar na ce wannan ai wulaƙanci ne, da kuɗinka a ba ka abin da ko Baturen ba ya ganewa.

A ajin nan na haɗu da abokina. Bafulatani ne, malamin firamare a Tsafe, iyayensa kuma suna ruga wajen 'Yankuzo. Siriri, ba ya ɗaga murya, yana tuƙa wani tsohon babur da sai an tura. Ni mutumin ƙauye ne can bayan Nahuce a ƙasar Bungudu, kuma duk gidanmu da zafin kai aka haife mu. Yana ce mini Kaɗo, ina ce masa Bahillace. In an tashi daga aji sai mu zauna gindin wata dalbejiya, mu sayi rake, mu yi ta musu har la'asar.

Abin mamaki, ba a yi nisa ba waƙoƙin suka kama ni. Mutane ne na yaƙi. Jarumi zai miƙe a babban zauren ubangidansa, bayan an ci an sha, ya yi wa kansa kirari, ya faɗi abin da zai aikata gobe, in gari ya waye kuma dole ya aikata ko ya mutu a kai. Ubangida yana raba takubba da zobba, su kuma suna biyan sa da rayukansu. In ya faɗi a fagen fama, abin kunya ne bawansa ya koma gida da ƙafafunsa. In an kashe naka, ko ka kashe nasu ko a biya diyya, babu ta uku. Na ce wallahi waɗannan 'yan uwanmu ne. Na girma ina kallon 'yan tauri da 'yan dambe, na san yadda kiɗa ke sa mutum ya faɗi maganar da ba zai iya janyewa ba. Na riƙa karanta wuraren yaƙin da ƙarfi, ina buga cinya.

Shi abokina ba nan hankalinsa yake ba.

"Kaɗo, kai kana jin ƙarar takobi ne kawai," in ji shi. "Duba ka ga wa ke magana a yawancin waƙoƙin nan. Wanda ya rage ne. Tsoho ne, ko wanda aka kora daga ƙasarsu, ko wanda duk abokansa suka mutu ya saura shi kaɗai. Zauren da kake yabo, a ƙarshe wuta ce ke cin sa."

"To ai mazan jiya ke nan. Su mutu a yi musu waƙa."

"A yi musu waƙa, matansu su kwana da yunwa."

Ya fi son wuraren da ake cewa namiji ba ya buɗe cikinsa, in baƙin ciki ya kama shi sai ya ƙulle shi a ƙirji ya yi shiru. Ya ce wannan ya sani tun yana goye, don a gidansu haka ake. Fulako ke nan. Uba ba ya kuka don ɗansa a gaban mutane, ba ya ma ambatarsa. Na tsokane shi na ce ashe Turawan da Fulani ne, shi ya sa suke da dogon hanci. Ya yi dariya ya ce da Fulani ne da ba su ɓata lokaci a teku ba alhali ga ciyawa.

Abotar nan ce ta kai shanunsu gonarmu. Al'ada ce tsohuwa a wajenmu: in an gama girbi an kwashe, mai gona ya aika wa makiyayi, shanu su shigo su ci kara su kwana a gonar su bar taki, a ba su damin dawa su kawo nono. Ƙa'idar ɗaya ce, ba a shigowa sai mai gona ya aiko. Mahaifina yana neman taki, mahaifin abokina, wanda duk muke kira Baffa, yana neman inda zai yi rani kusa da gulbi. Muka haɗa su. Shekarar farko lafiya lau, har Inna ta saba da matan rugar suna musayar daddawa da man shanu.

A shekara ta biyu ruwa ya ɗauke da wuri a wajen Tsafe, ciyawa ta ƙare, suka taso kafin a aika. Dawa an riga an yanke, amma wake yana nan kwance a gonar yayana, ba a gama roro ba. Yayana kuwa, Allah ya jiƙansa, ni da ake cewa mai zafi, kusa da shi ruwan randa ne. Waken nan da harawarsa su ne duk abin da ya dogara da su a shekarar.

Ina gida ranar don ana hutun makaranta, wata Juma'a da hantsi. Muka ji ihu daga gona, muka ruga. Shanu sun bazu cikin waken, suna tattakewa suna ci, mai kora su kuma ƙanen abokina ne, magidanci mai 'ya'ya biyu, yana ta ƙoƙarin juya su shi kaɗai. Yayana bai tsaya tambaya ba. Ya ɗaga gatari ya sari wata saniya a gadon baya, ta durƙushe tana kuka, jini yana tsartuwa. Wanda bai san Bafulatani da saniyarsa ba ba zai gane abin da wannan yake nufi ba. Mutumin ya juyo da sanda ya zabga wa yayana a goshi, fatar ta dare, jini ya rufe masa ido. Na yi tsalle in shiga tsakani, santsin kashin shanu ya kwashe ni. Kafin in tashi na ji wani sauti, ƙum, kamar an fasa kabewa. Yayana ya juya gatarin ya buga masa ƙeyarsa a tsakiyar kai. Mutumin ya zauna a ƙasa a hankali, ya dafa kunyar gona da hannu ɗaya, jini yana fita ta kunnensa. Idonsa a buɗe yana kallon saniyar.

'Yan uwansa suka zo suka ɗauke shi. Kafin azahar rugar ta tashi gaba ɗaya, sun koma wajen 'Yankuzo. Bayan 'yan kwanaki labari ya zo cewa ya cika.

Manya na ɓangarorin biyu ba su so maganar ta kai ga 'yan sanda. Aka shirya zaman sulhu a ƙofar gidan dagacinmu, arɗo ya zo da Baffa da wasu dattawa. Mutanenmu sun zo da shirin jin zagi da kuka da tsinuwa, har an ɓoye yayana a gidan kawunmu. Sai ga Baffa ya sauko daga mota da farar riga, ya bi kowa ya gaisa. Ya tambayi mahaifina lafiyar iyali, ya tambayi yadda dawa ta yi auki, ya ba da haƙuri kan waken da aka ɓata. Ɗansa kuwa ko sau ɗaya bai ambata ba. Da liman ya kawo maganar diyya, sai ya sunkuyar da kai ya yi ɗan murmushi ya ce a bar wannan zancen. Aka yi addu'a aka shafa, suka hau mota suka tafi.

Ƙauyenmu ya ɗauki murna. A wajenmu wanda aka yi wa ɓarna yana zuwa ne da hayaniya, ya yi ta faɗa har a ba shi baki, in ya huce an gama. Wanda ya zo yana murmushi yana tambayar amfanin gona, ai ya riga ya huce tun a gida. Haka kowa ya fassara, har da ni. Mahaifina ya yi ta sa wa Baffa albarka, yana cewa bai taɓa ganin mai tawakkali irinsa ba. Yayana ya fito daga ɓoyo da tabo a goshi ya koma harkokinsa. Ba zan ce abin bai dame shi ba. Matarsa ta gaya wa Inna cewa ya daina cin nama, kuma ya jefa gatarin a rijiyar da ta mutu.

Abokina bai zo aji ba na wani lokaci. Na je Tsafe yi masa ta'aziyya, ya karɓe ni a zaure, ya kawo fura, ya tambayi Inna. Na fara magana a kan abin da ya faru, ya ce in sha furar kada ta tsinke. Na dawo Gusau raina a jagule, ban san ko muna nan a abokai ba.

Da ya dawo, malaminmu ya ba mu aikin gida a kan sulhu da ramuwa a tsofaffin waƙoƙin. Ka ji fa, duk batutuwan duniya sai wannan. Muka zauna gindin dalbejiyar, ba rake, kowa yana kallon takardarsa. Shi ya fara.

"Kaɗo, a duk abin da muka karanta, ka ga sulhun da ya ɗore?"

Na yi tunani na ce akwai inda aka yi rantsuwa, akwai inda aka haɗa aure tsakanin gidajen biyu.

"An yi. Daga baya fa?"

"Daga baya a koma gidan jiya."

"Su wa ke tayar da shi? Ba sarakunan da suka yi rantsuwar ba ne. Su sun tsufa, sun gaji. Samari ne, waɗanda suka zauna a bayan zaure suna kallon fuskar tsohon. Shi bai ce su je ba. Bai kuma ce kada su je ba. Suna ganin ya daina cin abinci, suna ganin yana fita shi kaɗai. Me kake so su yi?"

Na ce malaminmu ya ce waɗanda suka rubuta waƙoƙin malaman addininsu ne, sun tarar da su a bakin mutane, shi ya sa ake jin kamar mawaƙin yana yabon ramuwa da baki ɗaya yana kuka da ita da ɗayan. Ya ce shi bai damu da wanda ya rubuta ba, wanda ya rubuta ya san abin da yake faɗi. Sai na harzuƙa. Ni ba na son kewaye-kewaye, kuma na gaji.

"Malam, don Allah ka bar ni da Turawan nan. In magana ce da kai, ka faɗe ta."

Ya daɗe yana murza takardar. Na ga abin yana yi masa nauyi, don abin da zai yi tona asirin gidansu ne ga ɗan uwan wanda ya kashe ƙanensa.

"Ku kun ga Baffa ya yi murmushi kun ce ya yafe. Bai yafe ba, bai kuma ƙi yafewa ba. Ba zai iya maganar ɗansa a gaban taro ba ne, ko da za a yanka shi. Da kun aiko dattijo ɗaya ya same shi shi kaɗai a bayan ruga, ya zauna da shi, ya koma ya sake komawa, wataƙila da an samu kalmar. Ba wanda ya zo. Kun yi addu'a kun tashi. 'Ya'yan baffannina suna cewa kun ɗauki ran ɗan uwansu daidai da buhun wake. Ka fitar da yayanka daga ƙauyen nan. Ka kai shi Kano, ko Legas, ko ina ma."

"Kai fa? Kai ka yafe?"

Ya tattara takardunsa ya ce la'asar ta yi.

Washegari na hau mota zuwa gida. Na gaya wa mahaifina, ya ce zai nemi liman su je, amma sai an gama sussuka. Na sami yayana yana gyaran rumbu, na gaya masa komai. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "In tahi ina? A ce na kashe mutum na gudu na bar mata da 'ya'ya? Ni na yi abin nan a gaban jama'a, duk abin da zai zo ya same ni a gaban jama'a."

Na yi masa ihu, na ce wannan ba jarumta ba ce, wauta ce. Na kama rigarsa, ya ture ni na bugu da rumbun. Muka yi cirko-cirko kamar zakaru, Inna tana kuka tana cewa mu ji tsoron Allah. Wata ɗaya da ya wuce ni ne mai buga cinya in an zo wurin da jarumi ya ƙi ja da baya. Yau ga shi a gabana da tabo a goshi da taurin kai, kuma wallahi ban ga wani abin waƙa a ciki ba. Tsoro kawai nake ji.

Sussuka ta wuce, liman ya yi rashin lafiya, tafiyar ba ta yiwu ba. Kullum ana cewa mako mai zuwa.

Ranar kasuwar Bungudu ce, ina cikin aji ina koyarwa da safe, sai na hango abokina ta taga, ko hula babu. Ya ce samari huɗu sun bar ruga tun jiya da sanduna, kuma sun san yayana ba ya fashin kasuwa. Na bar allin a kan tebur na haye bayansa. Baburin nan da kullum sai an tura, ranar bugu ɗaya ya tashi. Muka bar kwalta muka shiga hanyar ƙauyenmu, wadda ke ratsa wani rafi da ya ƙafe, da itatuwan mangwaro a bakinsa.

Keken yayana muka fara gani a yashe, buhu ya fashe, dawa ta watse a kan yashi. Samarin suna cikin rafin. Sun kewaye shi, sanduna suna tashi suna sauka, ba mai magana a cikinsu, sai ƙarar itace a kan jiki. Yayana yana durƙushe ya rufe kai da hannuwa, hannuwan sun riga sun karye suna lilo. Ya yunƙura ya miƙe, ɗaya ya share masa ƙafa, wani ya sauke masa a ƙeya. Na diro ina ihu na rarumi dutse, na jefi na kusa da ni a baki, na ga haƙoransa sun zubo. Wani ya juyo ya maka mini sanda a haƙarƙari, numfashina ya ɗauke, na faɗi ina shure-shure.

Daga nan ƙasa na ga abokina ya ratsa tsakaninsu ya kwanta a kan yayana, ya rufe shi da jikinsa. Sandar da ta riga ta taso ta sauka a kafaɗarsa, na ji ƙashin ya amsa. Ya yi musu magana da Fulatanci, ban ji me ya ce ba, gajeriya ce. Suka tsaya suna haki. Ɗaya ya tofar da jini, suka haura gaɓar rafin suka shige cikin kara.

Wata a-kori-kura da ta ɗauko 'yan kasuwa ta tsaya, aka sauke kaya aka shimfiɗa yayana a baya. Ni ba na iya zama sosai saboda haƙarƙarina, don haka abokina ne ya ɗora kan yayana a cinyarsa, yana tallafe da shi da hannun da ya rage masa. Direba ya kama hanyar Gusau yana ta hon. Jini ya jiƙe wandon abokina har yana ɗiga a ƙarfen motar. Ina riƙe da ƙafar yayana ina ta kiran sa, ina cewa saura kaɗan, ga gari can.

Mun wuce rabin hanya sai ya buɗe ido ɗaya, ɗayan ya kumbura ya rufe. Ya kalli fuskar da ke samansa, ya gane shi.

"Malam," in ji shi, muryar da ƙyar take fita. "Ƙanenka. Ban yi niyya ba. Ka yafe mini."

Abokina ya buɗe baki. Tun ranar da abin ya faru ba wanda ya ambaci ƙanensa a gabansa kai tsaye sai yanzu, kuma duk tarbiyyar da aka yi masa tun yana yaro ta taso ta hana kalmar fita. Ya kau da kai yana kallon gonaki. Na ce, "Ka amsa masa mana. Don girman Allah ka amsa masa." Yayana yana ta kallonsa yana jira.

Muna shiga gari, daidai inda ake sayar da itace, ƙafar da nake riƙe da ita ta saki. Na sani, shi ma ya sani. Direba bai sani ba, ya ci gaba da hon har ƙofar asibiti.

Ma'aikata suka fito da gadon turawa, suka duba, suka ce sai haƙuri. Aka zo ɗaukarsa, abokina ya ƙi sakin kan. Ya sunkuya har goshinsa ya taɓa na yayana, ya ce, "Na yafe. Na yafe maka. Ka ji? Na yafe." Ya yi ta faɗi yana girgiza shi, muryarsa tana ƙara tashi, har ta zama kuka, kuka mai ƙarfi irin na yaro, a gaban 'yan kasuwa da masu jinya da kowa. Sai da mutum biyu suka ɓamɓare yatsunsa kafin aka iya sauke gawar.